Gidan Kaka A Nima Ko Sabon Gida A Kasoa: Wanne Ya Fi Daraja?

Tun lokacin da 'yan'uwanmu da ke Jamus da Italiya da Amurka suka fara aiko da kuɗi domin a tanadar masu wurin sa haƙarƙari a gida, wata muhawara ta kunno kai a zangunan Ankara wadda har yau ba ta lafa ba. Ana yin ta a Nima da Mamobi, ana yin ta a Sabon Zango da Shukura da Fadama, a teburin mai shayi da ƙofar masallaci bayan La'asar, kai har a zaman makoki ba a bar ta ba. Muhawarar kuwa ita ce, tsohon gidan gado da kakanni suka gina, a gyara shi a ci gaba da zama a ciki, ko kuwa a sayar a raba kuɗin kowa ya nemi sabon gida a Kasoa ko Amasaman ko Oyibi, inda kamfanoni ke jera gidaje masu fenti da tayil sai ka ce a takarda aka zana su?

Mu matasa abin ya fi shafa, domin mu ne ke kwana huɗu-huɗu a ɗaki guda, mu ne ke son aure babu ɗakin da za a sa amarya, kuma mu ne za mu rayu da duk hukuncin da aka yanke bayan iyaye sun kau. Saboda haka a ƙungiyarmu ta matasan zango muka ga bai dace a bar maganar a bakin dillalai kaɗai ba. Muka ɗauki makonni muna shiga tsofaffin gidajen unguwa da kuma sababbin da ake tallarsu a bayan gari, tare da wani dattijon magini da ya tsufa a sana'ar, muna kallo yana nuna mana abin da idon mai saye ba ya gani.

Matsin da ke tura mutane ba ɓoyayye ba ne. Bayan ƙidayar jama'a ta 2021, wadda ta nuna mun kai mutum miliyan 30.8 a Gana, gwamnati ta ce ƙasar na da giɓin gidaje kusan miliyan 1.8. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar adibas fiye da na wata shida, amma duk wanda ya taɓa neman ciki da falo a Ankara ya san kuɗin shekara biyu ake nema, in ba ka da shi akwai mai jira a bayanka. Saurayin da ya gaji da wannan wulaƙanci, in aka nuna masa hoton gida mai ɗaki biyu da banɗaki a ciki da ƙofar ƙarfe tasa shi kaɗai, ba za a ga laifinsa ba in zuciyarsa ta tafi can.

To amma bari mu fara da bulo, tunda shi ne ƙashin gidan. Buhun siminti kilo 50 ne, a jiya da yau. Abin da ya canza shi ne yawan bulon da ake fitarwa daga buhu ɗaya. Mai buga bulon sayarwa ribarsa na cikin yashi, duk kwanon yashin da ya ƙara riba ce, kuma tun da farashin siminti ya yi tashin gwauron zabi a 2022, shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, wannan ƙari ya zama ruwan dare. Sannan bulo na son a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda kafin a ɗora shi, kankare kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. A wuraren da muka je mun ga bulon da aka buga shekaranjiya, yau yana kan gini. Dattijon nan ya sa muka ɗauki guda muka sake shi daga daidai ƙirji, sai ya watse kamar gurasa busasshiya. Wani kuma da farce ma ana kankare gefensa. Irin wannan in an shafe shi da filasta an bi da fenti mai ƙyalli, ko injiniya sai ya yi da gaske kafin ya gane.

Haka zancen yake a wajen rodi da kankare. Inda zane ya ce a sa rodi mai kauri milimita 16 a ginshiƙi, sai a sa mai 12, inda ya kamata zobban da ke ɗaure rodin su matsu sai a wawware su. Kwaɓin da magina suka sani na kankare shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, amma in mai gida yana Hambog yana kallon aikin ta hoton waya, wa zai ƙirga kwanukan? Ga kuma yashin bakin teku da wasu ke sata da dare duk da an hana, wanda gishirinsa ke cin rodi daga ciki har kankaren ya kumbura ya fashe bayan 'yan shekaru. Duk wanda ke ganin wannan ƙaramar magana ce ya tuna da benen Achimota da kantin Melcom ke haya a ciki, wanda ya rufta a ranar 7 ga Nuwamban 2012 ya hallaka mutum 14. Sabon gini ne fil, injiniyoyin da suka duba suka ce kankarensa ba shi da ƙarfin da ake bukata, aka kuma bayyana cewa ba shi da takardar izinin gini. Dokoki kam akwai su, akwai ƙa'idojin gini na 1996, an kuma ƙaddamar da sabon kundin ƙa'idar gini na ƙasa a 2018. Sai dai abin da talaka ya fi gani daga hukuma shi ne jan fenti a jikin bango mai cewa a tsayar da aiki a kawo takarda, kuma sau da yawa bayan 'yan kwanaki sai ka ga aiki ya ci gaba, rubutun na nan.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne ƙasar yammacin Ankara tana motsi. Girgizar ƙasa ta 22 ga Yunin 1939 ta kashe mutane a wannan gari ta kuma rusa gidaje masu yawa, har gwamnatin Turawa ta gina wa jama'a sababbin unguwanni a Korle Gonno da Mamprobi. An sake jin motsi a Disamban 2018 da Yunin 2020 da Disamban 2022, kuma hukumar binciken ƙasa ta sha jan kunne game da Weija da tsaunin McCarthy da Gbawe da hanyar Kasoa. Nan ne kuwa daidai inda sababbin gidajen suka fi yawa. Gida mai hawa ɗaya da aka ɗaure da linta ta zagaye shi kaf yana da dama, amma bene mai siririn ginshiƙi a gefen tsauni, Allah dai Ya kiyaye.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk sabon gida ruɓaɓɓe ne. Mun shiga waɗanda aka yi su tsakani da Allah, an shimfiɗa leda a ƙarƙashin daɓe don hana damshi hawa bango, an ɗaga harsashi sama da titi, wayar wuta na cikin bututu, kowane ɗaki da tagogi biyu. Irin waɗannan sun fi tsohon gida komai da komai ta fuskar lafiya, sai dai kuɗinsu ba na ɗan kasuwar Nima ba ne. Yawancinsu da dala ake faɗin farashinsu, duk da cewa Babban Bankin Gana ya sha nanata cewa dokar musayar kuɗi ta 2006 ta hana sa farashi da kuɗin waje ba da izini ba. Wanda ya fara biya kaɗan-kaɗan a farkon 2022, lokacin da dala ke wajen sidi shida, kafin ƙarshen shekarar ya tarar ta haura sidi goma sha huɗu, wato bashinsa ya ninka alhali gidan ko bulo ɗaya bai ƙaru ba. Sidi ya farfaɗo a 2025, amma waɗanda suka kasa biya a wancan lokaci sun riga sun yi asara. Bashin gida na banki kuwa, ban da tsadar ruwansa a ƙasar da Babban Banki ya kai nasa ma'aunin kashi 30 cikin ɗari a 2023, ga maganar riba wadda ta sa yawancin iyayenmu ko kallon takardar ba sa yi. Shi ya sa namu hanyar ita ce adashi, wanda a nan muke kira susu, a sayi fili, a yi shekara goma ana ɗora bulo.

Gidajen gwamnati ma da aka sa wa rai ba su share hawaye ba. A 2012 majalisa ta amince da bashin dala miliyan 200 domin gina gidaje 5,000 a Saglemi, ta wajen Prampram. Kimanin 1,500 aka tayar, suka yi shekara da shekaru babu mai kwana a ciki saboda babu ruwa, babu wuta, babu hanyar fitar da ƙazanta, ciyawa ta rufe su ɓarayi suka kwashe wayoyi da ƙofofi.

Yanzu mu dawo gidan kaka. Malam Bako, ɗan Malam Naino, ya kafa Sabon Zango wajen 1912, Malam Amadu Futa kuma ya samu ƙasar Nima daga hannun dangin Odoi Kwao na Osu a 1931. Da yawa daga gidajen da aka gina a waɗancan shekaru da ƙasa aka yi su, irin ginin da ake kira Atakpame, inda ake ɗora jar ƙasa sahu-sahu a bar kowane sahu ya bushe kafin a ƙara wani. Bangon kan yi kauri har yaro ya zauna a bakin taga, kuma wannan kaurin ne ke sa ɗakin ya yi sanyi da tsakar rana. Duk wanda ya yi zamanin dumso na 2014 da 2015 ya san bambancin kwana a ɗakin kaka da kwana a ɗakin bulo mai inci biyar da tagar gilashi mai zugewa, wadda rabinta kawai ke buɗuwa. Tagar luba da muke rainawa gaba ɗayanta take shigo da iska. Katakon rufin kuma, a gidajen da masu su ke da hali a da, odum ne, wanda gara ke shakka. Mun ga wanda ya haura shekara sittin ƙusa na lanƙwashewa a jikinsa. Yau abin da kafinta ke samu cikin sauƙi shi ne wawa da ire-irensa, katako mai taushi wanda in ba a jiƙa shi da magani ba gara kan gama da shi kafin a yaye yaron da aka haifa a gidan.

Kakanninmu kuma sun san ƙasa, sunayen da suka sa ma sun isa shaida. Inda suka ga tudu suka ce Tudu, inda ruwa ke kwanciya suka ce Fadama, ba su yi wa kowa ƙarya ba. Kamfanin yau kuwa fadama zai cike da jar ƙasa a watan Janairu, ya sa mata suna mai daɗi da Turanci, ya kai ka gani lokacin hunturu ƙura na tashi. A Oktoban 2022 da aka buɗe ƙofofin madatsar ruwan Weija, gidajen Tetegu da Oblogo da kewaye, waɗanda da yawansu sababbi ne masu katanga da tayil, ruwa ya shanye su har sai da kwalekwale aka fitar da mutane. Dattijon maginin nan shawara ɗaya ya fi nanata mana, wato kada mu taɓa biyan kuɗin gida ko fili sai mun je mun gan shi a watan Yuni, washegarin ruwan sama mai ƙarfi, kuma da ƙafa ba cikin motar dillali ba.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, tsohon gida na da nasa ciwon, kuma mu da ke ciki mun fi kowa saninsa. Na farko shi ne banɗaki. A gidaje da yawa wurin da kaka ya ware domin makewayi an daɗe da mayar da shi ɗakin haya, sai ka ga gida mai mutum arba'in kowa na bin layin banɗakin kasuwa da asuba da kuɗi a hannu, har da tsofaffi da mata masu ciki. Kotun Ƙoli ta umarci hukumar birnin Ankara tun 2008 da ta kawar da masai na bokiti, kwalarar 2014 kuma ta kashe mutum sama da 200 a ƙasar nan, unguwanni irin namu ne suka fi jin jiki. Shirin tsafta na Ankara da kewaye da Bankin Duniya ya tallafa ya rage wa masu gida kuɗin gina banɗaki, wasu sun amfana, amma wasu gidajen ko taku uku na fili babu inda za a sa shi. Sannan ga wayar wuta ta zamanin da fitila da rediyo kaɗai ake kunnawa, yau an ɗora mata firji da dutsen guga da tukunyar lantarki a kowane ɗaki. In wuta ta tashi, lungunanmu ko baro da ƙyar yake wucewa balle motar kashe gobara. Titi kuma kullum ƙara tudu yake yi, har daɓen wasu gidaje ya koma ƙasa da kwata, ruwa kaɗan sai tsakar gida ta zama tafki. Babu wanda ya manta daren 3 ga Yunin 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a shataletalen Kwame Nkrumah mutum fiye da 150 suka rasu, kuma ruwan da ya taru a can ta kwatocin unguwanninmu wani sashensa ya bi.

Gyaran da ake yi wa irin waɗannan gidaje ma wani lokaci shi ne ajalinsu. Ana shafe bangon ƙasa da siminti ciki da waje, damshi ya shiga ta ƙasa ya rasa hanyar fita, sai bangon ya riƙa narkewa a ɓoye, filastar na tsaye kamar ɓawon ƙwai. In ka ƙwanƙwasa ka ji tana amsawa kamar ganga, to akwai magana. Mafi haɗari shi ne abin da ya zama yayi yanzu, ɗan boga ya aiko da kuɗi a zuba dakin a kan tsohon bango a ɗora bene, alhali harsashin an yi shi ne domin ya ɗauki kwano da katako kawai.

Duk da haka, da muka zo auna daraja, sai muka ga ashe ba bango ne ke da kuɗin ba. Mai zuwa sayen gidan gado a Nima ko kallon ɗakunan ba ya yi, washegari zai kawo katafila. Ƙasar yake so, domin Nima na maƙwabtaka da Kanda da Ridge da unguwar filin jirgi, tafiyar ƙafa ce zuwa Babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 2021, kuma fadar shugaban ƙasa na nan kusa. Sabon Zango kuma na jingine da Abossey Okai, babbar kasuwar kayan gyaran mota, ga asibitin Korle Bu a gefe. A 2019 ministan ayyuka da gidaje na lokacin ya yi maganar sake fasalin Nima da Mamobi gaba ɗaya, maganar da ta tayar da hankalin jama'a, amma ta nuna mana yadda manya ke kallon wannan ƙasa da mu muke rainawa. Fenti da tayil na sabon gida daga ranar da ka shiga suke fara tsufa, fili a tsakiyar gari kuwa ba a ƙera sabo. Tsofaffinmu har yau suna ba da labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, mutane suka sayar da gidaje a kan kuɗin mota. Jikokin waɗanda suka saya su ne masu gidajen haya a yau.

Akwai kuma darajar da dillali ba ya iya rubutawa a takarda. Gidan zango kasuwa ne. Inna na sayar da wake da shinkafa a ƙofar gida, gwaggo na da koko da ƙosai, zaure makarantar allo ne da yamma, shagon gaba na kawo kuɗin haya da ake biyan wuta da shi. In mutum ya rasu da Azahar, kafin La'asar an haɗa shi an samu sahu. In mace za ta fita, akwai idanu goma a kan yaranta. A rukunin gidajen kamfani mai ƙofa da mai gadi, akwai inda ba a yarda ka kafa teburin sayarwa ba, ba a yarda ka ɗaure ragon layya ba, ga kuɗin shara da na tsaro duk wata. Ruwan famfo a wurare da yawa sai dai na tanka, in ka haƙa rijiyar burtsatse kuma ta fito da gishiri. Sannan hanya. Garin Kasoa sunansa daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali, mutanenmu ne suka raya shi, ba baƙon wuri ba ne a gare mu. Amma mai aiki a Makola ko Tudu da ke kwana can, a cikin trotro yake ganin fitowar alfijir, yaransa kuma sun yi barci kafin ya dawo, in ruwa ya kwaso laka daga tsauni ya zuba a titi tsakanin Mallam da Kasoa kuwa sai yadda hali ya yi. A lissafa kuɗin motar shekara goma a ɗora a kan farashin gidan, sannan a faɗi ko yana da araha. Wanda abincinsa ya koma bayan gari lissafinsa daban ne. 'Yan'uwanmu masu albasa da aka tayar daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, su kam gida a wajen Amasaman ya fi masu Nima.

Abin da ya fi duk waɗannan tsayar mana da hankali shi ne takarda, kuma a nan tsoho da sabo duk suna da rauni. A bayan gari fili ɗaya akan sayar wa mutum uku, kowa da takardarsa mai hatimi, daga nan sai 'yan daban fili da ake kira langad su shigo, su karɓi kuɗin haƙa harsashi, su dawo su rushe in wani ya fi ka biya. Dokar filaye ta 2020 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ga masu wannan aiki da masu ɗaukarsu, amma a Afrilun 2024 har soja aka harbe a kusa da Kasoa a kan rikicin fili. Kuma mai saye ya sani cewa abin da ake ba shi haya ce ta dogon zango, domin tsarin mulkin 1992 ya hana sayar da ƙasar sarauta har abada, dokar 2020 kuma ta haɗa da ƙasar dangi. Yawanci shekara 99 ake rubutawa, in kamfani ya riga ya ci ashirin a ciki to ragowar zai ba ka, ga kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Wanda ba ɗan ƙasa ba shekara 50 ce iyakarsa, wannan kuwa ya shafi 'yan'uwanmu da suka ajiye fasfon Gana domin karɓar na wata ƙasa. Kafin a ba da ko sidi ɗaya, a ɗauki taswirar filin a kai Hukumar Filaye a yi bincike, a kuma nemi safiyo na kanka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, ya tabbatar taswirar da filin da aka nuna maka abu ɗaya ne.

A cikin zango kuwa matsalar ta gado ce. Gidaje da yawa da baki aka ba da filinsu, ko kuma takardar na ɗauke da sunan kakan da ya rasu tun kafin a haifi iyayenmu, ba a taɓa zuwa kotu an karɓi takardar kula da dukiyar mamaci ba. Magada sun kai talatin, wasu na Kumasi, wasu na Legas, wasu na Jidda. Malamai na raba gado bisa shari'a, dokar gado ta 1985 kuma na da nata tsarin, wanda ya ce in gida ɗaya mamaci ya bari to na matarsa ne da 'ya'yansa tare, kuma duk magajin da bai gamsu ba yana iya garzayawa kotu. Sakamakon shi ne kowa na da ɗaki babu mai gida. Kwano na yoyo, kowa na jiran wani ya gyara, wanda ke da kuɗi kuma na tsoron ya kashe a ce masa ai na kowa ne. Da haka gidan ke lalacewa har ranar da wani zai zo da jakar kuɗi. Mun ga gidan da aka sayar da kuɗin da ya girgiza unguwa, da aka raba shi gida-gida sai rabon mace bai kai kuɗin fili a bayan Kasoa ba, balle gini. Gwaggonnin da aka haifa a gidan yau haya suke yi a ɗaki ɗaya, abin da suka samu ya tafi a adibas.

Mu dai ra'ayinmu ya fi karkata ga riƙe gidan gado, amma ba a yadda yake ba. Mun ga dangin da suka zauna da malami da lauya, aka rubuta sunan kowane magaji da rabonsa, aka yi wa gidan rajista, sannan suka rushe ɓangare ɗaya suka tayar da sabon gini a kan sabon harsashi da injiniya ya zana, shaguna a ƙasa ɗakuna a sama, mutanen gida suka matsa ɗaya ɓangaren har aka gama. Ya ɗauke su shekaru, an kuma yi ta ɓacin rai a tsakani, amma yau kowane ɗaki da banɗakinsa kuma babu wanda ya bar unguwa. Inda ake shigo da mai kuɗi ya gina ya ci haya na wasu shekaru sannan ya mayar, nan ma a yi hattara, a rubuta yawan shekarun da ranar mayarwa da wanda zai duba ingancin aikin, domin wanda ya san zai fita bayan shekara goma sha biyar ba zai damu da rodin da zai kai hamsin ba.

Asusun raya zanguna da aka kafa da dokar 2017 an fi saninsa da filayen ƙwallo da gyaran makarantu da fitilun titi, kuma mun gode. Abin da muke roƙo yanzu, daga asusun da sarakunan zango da limamanmu, shi ne a samar da lauyoyi da safiyo da za su zauna unguwa-unguwa su taimaka wa dangi su yi wa gidajen gado takarda a kan kuɗi kaɗan. Mu a namu ɓangaren mun fara bi gida-gida a layukanmu muna rubuta waɗanda ba su da banɗaki da waɗanda takardarsu ke da sunan mamaci, kuma da zarar mun kammala za mu miƙa wa sarkin zango da ɗan majalisar unguwa kafin damina ta kankama.